Filin Shawara: Duk Bazara Fulawoyina Sai Sun Mutu

Adda, ni matar aure ce a unguwar Karewa, nan Jimeta, 'ya'yana uku. Allah ya ɗora mini son fulawa tun ina yarinya. Shekara biyu ke nan a jere ina sayen ros da wasu fulawoyi a wajen masu sayarwa a bakin titi, in jera su a tsakar gida. Lokacin sanyi sai su yi kyau har baƙi su riƙa tambayar inda na samo, amma da zarar Maris ya kama sai ganyen ya soma ƙonewa ta baki-baki, kafin ƙarshen Afrilu babu ko ɗaya mai rai. Ga shi safe da rana da yamma nake ba su ruwa, kuma ruwan nan saye muke yi a wajen 'yan garuwa. Yanzu maigida ya ce almubazzaranci ne, ba zai ƙara biyan kuɗin ruwan da za a zuba wa ganye ba. Surukata ta ce fulawa sauro da macizai take tarawa, gara in shuka alayyafo. Wata maƙwabciyata kuma cewa ta yi hannuna ne ba shi da albarkar shuka. Adda, in haƙura ne, ko akwai dabara?

'Yar'uwarki, Karewa, Jimeta

'Yar'uwa, Allah ya raya mana yaran, ya bar zumunci. Ki fara da cire maganar maƙwabciyarki daga ranki, babu abin da ya sami hannunki. Hannun da ya raya shuka daga Nuwamba zuwa Fabrairu har baƙi suka yaba, shi ne dai yake riƙe da butar a Afrilu. Matsalar tun wajen saye ta faro. Kin zaɓi abin da ya fi kyau a watan Disamba, alhali a Yola da Jimeta watan Afrilu ne ke yanke wa kowace shuka hukunci. Duk fulawar da za ki shigo da ita gida, tambayar farko ita ce ko za ta ƙetare bazara da ɗan ruwa kaɗan. In amsar a'a ce, to ki saye ta da sanin cewa baƙuwar wata uku ce.

Dubi inda Allah ya ajiye mu. Garin nan a kwarin Kogin Binuwai yake, tsayinsa daga teku bai wuce kimanin mita 200 ba. A Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40 da rana, dare ma ba ya yin sanyin da shuka za ta huce. Ruwan sama na ɗaukewa wajen ƙarshen Oktoba, ba ya zama sosai sai Mayu ko Yuni, tsakani kuma hunturu ya tsotse sauran laimar da ke cikin iska da ƙasa. Shi kuwa ros ya fi jin daɗi idan zafi bai kai digiri 30 ba. Shi ya sa yake yin kyau a Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, da kan tsaunin Mambila da ya ɗara haka, don duk hawan mita 1,000 zafi na raguwa da kusan digiri 6. Mai sayarwa ba lallai ne ya cuce ki ba. Yana ajiye kayansa ƙarƙashin inuwa, kusa da ruwa, yana kula da su yini guda, kuma abin da ke jan ido shi yake sa wa a gaba. Ke kuma kin ɗauko kin ajiye a tsakar gidan siminti da katanga ta kewaye, inda bango da daɓe ke shan rana su yi ta mayar da zafin har bayan isha'i.

Za ki ce ai kin ƙara ruwa. Ƙarin ruwan nan, yadda kike yinsa, yana cikin abin da ya gaggauta mutuwar. Yayyafi sau uku a rana saman ƙasa kawai yake jiƙawa, sai saiwa ta tsaya a sama tana jiran na gaba, a daidai wurin da ya fi ko'ina zafi. Wanda aka zuba da tsakar rana kuwa, da yawansa iska ke kwashewa. In kin lura da wani farin busasshen abu a bakin tukunya ko a saman ƙasa, gishirin ruwan rijiya ko na burtsatse ne ke taruwa saboda ba a taɓa zuba ruwan da zai wanke shi ya fita ta ƙasa ba, kuma shi ma yana ƙona bakin ganye. Sannan ga baƙar ledar da ake sayar da shukar a ciki. Ki sa hannu a jikinta da azahar a watan Afrilu, za ki ji abin da saiwar ke fama da shi. Gyaran ba shi da tsada. A mayar da shuka cikin tukunyar ƙasa mai huji a gindi, wadda ke tsatsafo da laima ta sanyaya kanta, a ɗora ta kan bulo ko katako don kada ta zauna kan siminti. A haɗa ƙasar da yashi da kashin shanu wanda ya daɗe ya ruɓe, domin ɗanye yana ƙona saiwa yana kuma kiran gara. A rufe saman da ɓawon gyaɗa ko buntun shinkafa, sannan a ba da ruwa sosai har ya ɗiga ta hujin, da sassafe ko bayan la'asar, a bar shi sai saman ya bushe.

Amma duk wannan taimako ne kawai, tushen maganar shi ne abin da aka shuka. Ga kariya, wadda kakanninmu suka daɗe da sani a bakin gidaje da gonaki. Tana tara ruwa a kumburarren gindinta, kuma a tsakiyar rani, lokacin da ta zubar da ganye, take fitar da furenta ja da ruwan hoda. A ƙasashen Turai da Asiya da tsada ake sayenta ana lallaɓa ta cikin ɗakin gilashi, mu kuwa muna wuce ta a hanya saboda mun saba ganinta. Ga boganbiliya, 'yar asalin Kudancin Amurka, wadda kike gani ta lulluɓe katangu a cikin gari. Idan ta kama ƙasa, ƙarancin ruwa ma ƙara mata fure yake yi, yawan ruwa da taki kuwa ganye kawai take fitarwa. Ga lalle, wanda mutane ke mantawa yana da 'yan ƙananan furanni masu ƙamshin da ke cika gida da dare. Ga firanjifani mai farin fure da rawaya a tsakiya, wanda reshe kawai ake yanka a bar shi ya sha iska 'yan kwanaki a dasa. A ƙasa-ƙasa kuma ki zuba 'yar fulawar nan mai kaurin ganye da ke buɗewa da hantsi ta rufe da yamma, wadda ko tsinke ɗaya kika tsinko a gidan ƙawa kika soka a ƙasa sai ta kama. Kusan dukkansu da reshe ake dasa su, ba sai kin fitar da kuɗi ba.

Lokacin dashe ma haka yake da muhimmanci. Yawancin mutane da sanyi suke saye, domin lokacin ne kasuwar fulawa ke ƙayatarwa, sai shukar ta shiga bazara saiwarta ba ta je ko'ina ba. Ki dasa a Yuni, bayan damina ta zauna. Wata huɗu zuwa biyar sama ce za ta yi miki ban-ruwa kyauta, kafin rani ya zo saiwa ta nutsa. Abin kiyayewa a nan shi ne Agusta da Satumba, lokacin da ruwa ke yawa. Kariya ta fi tsoron kwantaccen ruwa fiye da fari, kuma masu zama a unguwannin da ruwa ke kwanciya, irin wuraren da ambaliyar 2012 da ta 2022 suka taɓa, tukwane da tudun ƙasa sun fi musu haƙa rami.

Sai maganar maigida. Yana da gaskiya, kuma bai kamata ki ɗauke ta a matsayin rashin son abin da kike so ba. Mutumin da ke biyan kuɗin kura guda ta jarkoki a watan da ruwa ya fi tsada, ya ga ana zuba wa abin da zai mutu bayan mako uku, dole ransa ya sosu. Amma abin da yake ƙi shi ne asarar, kuma asarar daga ros take. Kariyar da ta kama, sau ɗaya ko biyu a mako ya ishe ta, boganbiliya da lalle da ke cikin ƙasa ma ba su wuce haka da yawa ba. Wannan kuwa ruwan alwala da na wankin shinkafa da na ɗaurayar kayan miya, in an tara a bokiti, ya isa ya yi saura. Wanda za a guje wa shi ne mai omo da bilic da mai maiƙo ko gishiri. Ki same shi cikin natsuwa ki ce masa kin ji maganarsa, daga yau ko jarka ɗaya ba za a ƙara saya saboda fulawa ba. Da wuya ya hana abin da bai taɓa aljihunsa ba.

Ita ma Inna, surukarki, ba ta yi ƙarya gaba ɗaya ba, sai dai ta ɗora laifin inda ba nan yake ba. Sauro a cikin ruwa yake ƙyanƙyasa, kuma daga ƙwai zuwa mai cizo abin bai wuce kwana 7 zuwa 10 ba a irin zafinmu. Farantin da ake sa wa ƙarƙashin tukunya, da gwangwani, da tsohuwar taya, da bokitin da kika tara ruwan kika bar shi a buɗe, su ne gidansa. Ki zubar da na faranti, ki rufe bokiti, ki yi amfani da ruwan kafin ya kwana biyu. Gaskiya ne babban sauro yakan laɓe a duhuwar ganye da rana, don haka a riƙa aske shuka, kada a bar ta ta toshe taga. Tsoron maciji kuwa a yankinmu ba abin raini ba ne, tunda ga Kaltungo nan a Gombe da asibitin da ya yi suna wajen maganin saran maciji. Amma maciji ɓera da kwaɗo da maɓoya yake bi, wato tarin itace da bulo da ciyawa. Tukwane a ɗage, da tazara tsakaninsu yadda tsintsiya za ta ratsa kullum, ba su ba shi wurin zama.

Hatsarin da ya fi waɗannan kusa da ke shi ne wanda babu wanda ya ambata miki. Ruwan jikin kariya dafi ne, har an yi amfani da shi a bakin kibiya a da, farin ruwan firanjifani ma yana ƙona fata da ido, boganbiliya kuma ƙaya gare ta. Da ƙananan yara a gida, a ɗora kariya inda hannunsu ba zai kai ba, a wanke hannu bayan an yanka reshe, a kuma kiyaye awaki.

Batun alayyafo kuwa, babu dalilin da zai sa ya zama ko wannan ko wancan. Ki ware wa Inna kusurwa ki zuba shi da yakuwa da kuɓewa a damina, ki tsayar da zogale ɗaya a jikin katangar yamma, wanda zai ba da miya ya kuma tare wa tukwanenki ranar la'asar. In har zuciyarki ba ta haƙura da ros ba, ki ajiye guda ɗaya tak a babbar tukunyar ƙasa ta gefen gabas, inda zai sha hantsi ya shiga inuwa kafin azahar, ki rage masa rassa idan hunturu ya fara janyewa, kuma kada ki sa ran fure daga gare shi tsakanin Maris da saukar damina.