Yadda za ku tsara dokokin faɗa na gida a wasan Dungeons & Dragons da wayarku



Duk wanda ya taɓa buga Whot a majalisa a Dutse ya san kowane zama da tasa dokar, kuma rigima kan tashi ne idan ba a faɗe ta tun farko ba. Haka abin yake a Dungeons & Dragons, wasan da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Mutum ɗaya ne jagora mai ba da labari, sauran kowa da jaruminsa, dayis mai fuska 20 kuma shi ke yanke ko sara ya samu.

Mu biyar muke bugawa ta WhatsApp, ɗaya daga Kiyawa. Saura ƙiris rukunin ya watse ranar da jagoranmu ya sauya doka ana tsakiyar faɗa, jarumin wani ya mutu. Ga abin da muka koya.

1. Dayis ɗaya ga kowa. Ba sai kun sayi komai ba. Rubuta "roll a d20" a Google, dayis zai fito. Wanda ke nesa ya jefa yana nuna allon wayarsa a kiran bidiyo.

2. Ku auna doka da lissafi kafin ku karɓe ta. A littafin jagora na 2014 akwai dokar zaɓi: idan jarumai biyu suka sa abokin gaba a tsakiya, mai sara zai jefa dayis sau biyu ya ɗauki mafi girma. Idan 11 kake buƙata, damarka kashi 50 ce cikin ɗari. Da jifa biyu ta koma 75. Mun ga ya yi yawa, sai muka mayar da ita ƙarin maki 2, wato kashi 60. Kuma dodanni ma suna cin wannan moriyar.

3. Minti ɗaya ga kowane ɗan wasa. Kunna agogon waya. Wanda lokacinsa ya ƙare, jaruminsa ya tsaya kare kai kawai. Data da caji ba sa jiran mai dogon tunani.

4. In netwok ya ɗauke, jagora ba zai kashe jarumin wanda ba ya nan ba.

5. Rubuta kowace doka kamar yadda muke rubuta manhaja: "idan kaza ya faru, to kaza". Ku sa su a bayanin rukuni, domin saƙon da aka maƙala a sama ba ya wuce kwana 30.

Babbar dokar ita ce: ba a gyara doka sai an tashi daga wasa, kuma da yardar kowa. Ku gwada sabuwa zama biyu, in ba ta yi ba ku cire ta.

Sai mun haɗu a darasi na gaba.