Yawon Buɗe Ido A Tiga Ga Mai Juna Biyu Mai Lalurar Ƙafa

Uwargida, idan kina tafiya da sanda ko keken guragu, samun juna biyu ba zai hana ki bin iyali yawon Sallah ba. Mu ɗauki misalin madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, kimanin kilomita 70 kudu da Kano. Wuri ne mai daɗin iska, amma akwai duwatsu da gangara da yashi, kuma jikinki ba kamar yadda kika saba da shi yake ba.

Yayin da ciki ke girma, nauyi yakan rinjaya gaba, gaɓoɓi su saki. Sandar da kika shekara goma kina riƙewa tun bayan shan-inna tana iya gaza ki a wata na bakwai. Don haka ki zo da ita ranar awo, ki nemi masu gashin ƙashi su duba tsawonta. Juya ta ki ga robar gindinta. In ta siɗe, a canza. Wannan 'yar roba, da mutane ke rainawa, ita ce ke hana santsi a kan jiƙaƙƙen dutse. Idan aka ba ki shawarar hawa keke a watannin ƙarshe, kada ki ɗauke shi koma baya.

Mai keke kuwa, dogon zama ne matsalarta, domin yana jawo gyambon zama da daskarewar jini a ƙafa. Ki sa matashi mai laushi, ki riƙa sauya zama duk bayan minti 15 zuwa 30. A gangara mai tsanani, mai tura ki ya sauko da keken da baya-baya, a hankali. Babba za a ba wannan aiki, ba yara ba.

Kada ki ƙi shan ruwa don gudun neman ban-ɗaki. Riƙe fitsari yana kawo ciwon mafitsara, shi kuma yana iya tayar da naƙuda kafin lokaci. Maigida, aikinka ke nan: tun kafin ranar, ka bincika inda mota za ta tsaya, da inuwa, da ban-ɗakin da keke zai shiga, da asibiti mafi kusa. Dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a 2019 ta wajabta gyara gine-ginen jama'a domin irinku, amma doka a takarda daban, abin da za ka tarar daban.

Ruwan kuma a kalle shi daga nesa. Ruwan dam yana iya ɗauke da ƙwayar tsargiya, wadda ke shiga ta fata ko da ƙafa kawai aka tsoma.

Ki riƙe katin awonki a jaka. Idan kika faɗi, ko da ba ki ji ciwo ba, a kai ki asibiti a ranar. Haka nan in kika ga jini, ko zubar ruwa, ko motsin ɗa ya ragu. Wadda ta sami rauni a laka ba lallai ta ji zafin naƙuda ba. Matsanancin ciwon kai da gumi na iya zama alamarta, don haka ta tambayi likita tun kafin a sa ranar tafiya.