Fure Ko Ƙoƙo? Nazarin Ganyen Fure Daga Gonakin Rano Da Kibiya

1.0 Gabatarwa

A maganar yau da kullum, kalmar "fure" ta game dukkan sassan hudar tsiro. Wannan gamewa ba ta damun manomi, amma tana zame wa mai fassara littafin kimiyya matsala, domin kowane sashe da aikinsa. Tun a 1916 J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa, sai dai sanin sunan tsiro daban, sanin sunayen sassansa daban. Wannan muƙala ta yi amfani da "ganyen fure" ga ɓangaren nan mai launi da laushi, da kuma "ƙoƙon fure" ga rufin da ke tallafe da shi daga ƙasa.

2.0 Siffa Da Aiki

Babban aikin ganyen fure shi ne jawo mai yi wa tsiro barbara, ta hanyar launi da ƙamshi. Amfanin gonar Rano da Kibiya ya isa misali. Gero da dawa da masara ba su da ganyen fure mai ɗaukar ido, domin iska ce ke kai musu garin barbara. Wake da gyaɗa kuwa ganyen furensu biyar ne: babba ɗaya a sama, biyu a gefe kamar fukafukai, biyu kuma a haɗe suna lulluɓe da gaɓoɓin haihuwa. Furen kuka fari ne, da daddare yake buɗewa, kuma jemage ne babban baƙonsa. Ashe siffar fure tana nuna wanda aka gayyata.

3.0 Darasin Zoɓo

Yakuwa, wadda ake yawan shukawa a gefen gona, dangin kuɓewa ce da rama da auduga. Ganyen furenta biyar ne, fari-fari ko ɗorawa-ɗorawa, da jan tabo a gindi. Da safe yake buɗewa, kafin rana ta faɗi ya yi yaushi. Bayan ya kaɗe ne ƙoƙon ke kumbura, ya yi ja, ya kewaye ƙwanson iri. Wannan ƙoƙon shi ne zoɓon da ake busarwa, ake jiƙawa, ake kuma fitarwa har ƙasar Meziko. Jansa daga sinadarin antosayanin yake, wanda shi ne ke rina furanni da yawa ja ko shuɗi. Don haka wanda ya rubuta cewa da ganyen fure ake yin zoɓo ya koya wa ɗalibi kuskure.

4.0 Kammalawa

Akwai buƙatar masana harshe su zauna da masana tsirrai su daidaita waɗannan kalmomi, bayan sun saurari yadda manoma da mata masu ɓarar zoɓo ke kiran kowane sashe. Kalmar da aka ɗauko daga bakin masu sana'a ta fi saurin karɓuwa a aji bisa wadda aka ƙirƙira a ofis.