Yadda Ake Kafa Teburin Karatu a Jikin Bango

Yawancin ɗalibanmu idan sun koma hutu a Karaye da Rogo da ƙauyukan kewaye, ɗaki ɗaya suke kwana da ƙannensu. Babu wurin ajiye tebur mai ƙafa huɗu, sai a ga yaro yana rubutu a kan cinya ko a kwance bisa tabarma. Akwai magani mai sauƙi, wato teburin da ake kafawa a jikin bango, wanda ba shi da ƙafa. A wannan darasi za mu koyi yadda ake yinsa. Amma tun farko mu riƙe abu ɗaya: ƙarfin wannan tebur yana ga bango da matokaransa, domin su ne ke ɗauke da nauyin da ƙafafu suka saba ɗauka.

Kayan Aiki

Muna bukatar falanki mai kaurin inci 1, tsawon ƙafa 3, faɗin inci 16. Idan falankin bai kai wannan faɗi ba, kafinta zai haɗa biyu. Maɗaci yana da kyau domin gara ba ta cinsa da wuri. Kowane katako muka samu, ko a wurin kafintan unguwa ko a kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa a Kano, mu tabbata busasshe ne, gama ɗanye yakan tanƙware idan hunturu ya shigo. Sai matokarai biyu na ƙarfe daga wurin mai walda, da dogayen noti huɗu da wosharsu, da zarto, guduma, kurfi da tef na awo.

Me Ya Sa Tebur Ke Faɗuwa?

Mu tuna da darasin kimiyya. Nauyin da ke nesa da bango ya fi wahalar da ƙusa fiye da na kusa. A ce mun ɗora kilo 20 a bakin tebur, inci 16 daga bango. Idan ƙafar matokarin da ke manne da bango inci 8 ce kawai, notin sama za su ji ja na kilo 40, wato ninki biyu. Idan kuwa ƙafar ta kai inci 16, jan zai tsaya a kilo 20. Saboda haka mu ce wa mai walda ya yi ƙafar doguwa, ya kuma gitta ƙarfe na uku daga bakin hannun zuwa gindin ƙafar, su zama alwatika. Alwatika ba ta sake siffa idan an danne ta, shi ya sa kafintoci ke amfani da ita a rufin majami'a da na ajujuwanmu.

Bangon Bulo

Bulon siminti mai inci 6 ko 9 yana da rami a ciki. Ƙusar da aka buga ta faɗa wannan rami, filasta kaɗai ta riƙe, kuma ba za ta daɗe ba. Mu auna inci 30 daga ƙasa, mu ja layi. Domin layin ya daidaita, mu cika siririn tiyo mai haske da ruwa kamar yadda magina ke yi. Inda ruwan ya tsaya a bakin nan, nan zai tsaya a wancan. Sai mu huda bango da kurfi, mu toshe ƙasan ramin da takardar buhun siminti, mu cusa kwaɓin siminti awo 1 da yashi awo 3, mu dasa kan notin a ciki. A riƙa yayyafa ruwa har kwana 7 kafin a ɗaura matokarai. Gaggawa a nan ita ce ke ɓata aikin.

Bangon Laka

Gidaje da yawa a ƙauyukanmu na tubali ne. Laka tana iya ɗaukar nauyin da ya danne ta daga sama, amma ba ta riƙe abin da ake fizga daga jikinta, balle a watan Agusta da bango ya sha danshi. A nan sai mu tsayar da katako biyu masu inci 2 da 4 daga daɓe, manne da bango, mu ɗaura matokarai a jikinsu, nauyin ya sauka ƙasa. Notin sama kuwa ya ratsa bangon gaba ɗaya, a tare shi ta baya da guntun falanki mai faɗi. Mu ɗora gindin katakon a kan dutse, mu shafe shi da maganin gara. Idan bangon ya tsage ko gara ta riga ta shige shi, a gyara shi tukuna.

Gwaji

Kada mu ɗora littafi sai mun gwada. Jarka mai lita 20 cike da ruwa nauyinta kamar kilo 20 ne. Mu ajiye ta a bakin teburin ta kwana, a hana yara zuwa wurin. Da safe mu duba: in filasta ta tsage ko tebur ya sunkuya, aiki bai yi ba, a sake. Wannan ba abin wasa ba ne, domin ƙannenmu sukan shiga ƙarƙashin tebur, kuma fitilar kananzir da ta faɗo tare da littattafai tana iya tayar da gobara. Kada kowa ya zauna a kansa ko ya taka shi. Mu kuma nemi izinin iyaye, ko na mai gida idan haya muke, kafin mu huda bango.

Kada mu rena aikin hannu. Littafin Markus, sura 6, ya nuna mana mutanen garin Ubangijinmu Yesu sun san shi da sana'ar sassaƙa. Bari mu yi namu aikin da aminci, har a wuraren da filasta za ta rufe, inda ba mai gani. Allah ya ba mu hikima, amin.

Tambayoyi

1. Idan ƙafar matokari inci 4 ce, jan kilo nawa notin sama za su ji a misalinmu?
2. Don me ba a dogara ga ƙusa a bangon laka?
3. Wane irin bango ne a ɗakinku, kuma wace hanya ta dace da shi?