Zaɓen Kayan Haɗa Kwamfuta Domin Ɗaukar Sauti: Jagora ga Mai Nazarin Adabin Baka

1.0 Gabatarwa

Adabin baka a bakin mutane yake zaune, shi kuwa mai baki ba ya dawwama. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya Jos kuma a 2015. Abin da ya rage wa manazarci na muryar wancan da amon kuntigin wannan shi ne abin da aka ɗauka a faifai da kaset. Shi ma kaset ɗin, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, yana da iyakar kwanansa, domin zafi da laima suna cin zarensa, rakodojin da ke juya shi kuma sai daɗa wuyar samu suke yi. Ke nan aiki biyu ne ke gaban kowane sashe na nazarin Hausa. Na farko, kwashe abin da ke cikin tsofaffin kaset-kaset kafin ya lalace. Na biyu, ɗaukar muryoyin dattawa da makaɗa da masu tatsuniya tun suna raye. Duka biyun kuwa da kwamfuta ake yin su a yau.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake zaɓen kayan da za a harhaɗa kwamfuta irin ta tebur domin wannan aiki. Za a nuna cewa shiru da natsuwa su ne ma'aunin irin wannan na'ura, kuma sun fi gudu muhimmanci, ko da yake gudun ne 'yan kasuwa suka fi tallatawa.

2.0 Yadda Kwamfuta Ke Ɗaukar Sauti

Sauti kaɗawar iska ce. Makirufo yana mayar da wannan kaɗawa ta koma lantarki, sa'an nan a riƙa auna ƙarfin lantarkin a kai a kai ana rubuta awon da lambobi. Abu biyu ne ke nuna ingancin awon.

Na ɗaya, yawan awo a kowane sakan. Kunnen ɗan'adam yana jin abin da ya kama daga kaɗawa 20 zuwa 20,000 a sakan, ƙa'idar kuwa ita ce awon ya zarce ninki biyu na kaɗawa mafi sauri da ake son kamawa. Shi ya sa faifan CD, wanda ya shiga kasuwa a 1982, yake da awo 44,100 a sakan. Na biyu, zurfin kowane awo, wanda ake ƙirgawa da bit. Kowane bit ɗaya yana ƙara kimanin desibel 6 a ratar da ke tsakanin sauti mafi sanyi da mafi ƙarfi, watau bit 16 yana ba da desibel 96, bit 24 kuwa 144 a lissafin takarda. Amfanin wannan rata yana fitowa ne a fagen kiɗan fada, inda maroƙi zai yi magana ƙasa-ƙasa, kwatsam sai kakaki ya tashi. Idan babu rata sai sautin ya fashe, wanda ya fashe kuwa ba ya gyaruwa. Ƙungiyar ma'adanan sauti ta duniya, IASA, ta ba da shawarar kada a gaza awo 48,000 da bit 24 wajen ajiya, ma'adanai da yawa ma 96,000 suke amfani da shi. A tsarin WAV ake ajiyewa, domin tsarin MP3 yana zubar da wani sashe na sautin don ya rage nauyi.

Abin lura a nan shi ne lissafin. Makirufo ɗaya a awo 48,000 da bit 24 yana cin bayit 144,000 a sakan, watau kimanin megabayit 518 a awa. Layi biyu a awo 96,000 suna cin kusan gigabayit 2 a awa. Wannan kaya ne mara nauyi ga kwamfutar wannan zamani. Abin da ya sa aikin yake da wuya shi ne ba ya jure yankewa. Kwamfuta ba ta karɓar awon ɗaya-ɗaya, tara mata shi ake yi a wani ɗan mazubi kamar guga, tana ɗiba tana juyewa. Gugan awo 128 yana cika cikin abin da bai kai kashi 3 cikin 1,000 na sakan ba. Idan wani aiki ya ɗauke mata hankali ta makara wajen ɗiba, sai a ji “ƙas” a cikin sautin, wannan gurbi kuwa ya tafi ke nan. Mai kwashe kaset ko mai ɗaukar hira ba shi da dalilin gaggawa, yana iya sa gugan 1,024, wanda jinkirinsa kimanin kashi 21 ne cikin 1,000 na sakan. Ƙaramin guga na mawaƙin da ke ɗora murya a kan kiɗa ne yana sauraron kansa.

3.0 Kayan Cikin Akwati

3.1 Masarrafi

Masarrafi shi ne ƙwaƙwalwar na'ura, kamfanonin Intel da AMD ne kuma suka mamaye kasuwarsa. Matsakaici mai cibiya 4 ko 6 ya wadatar da manhajar ɗaukar sauti irin su Audacity, da ta nazarin furuci irin su Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink suka ƙirƙira a Jami'ar Amsterdam. Abin da ya kamata a duba shi ne wutar da yake ci. Wanda aka rubuta masa wat 65 bai kai mai wat 125 zafi ba, kuma iyakar zafi iyakar gudun fanka, iyakar gudun fanka iyakar ƙara. Haka kuma gara a ɗauki wanda yake da sashen nuna hoto a jikinsa. Katin hoto na daban, irin wanda masu wasannin kwamfuta ke kashe wa kuɗi, ba ya ƙara wa sauti kome sai zafi da fankoki.

3.2 Babban Allo da Ma'adanin Wucin-gadi

Babban allo shi ne wanda dukkan sauran kaya ke hawa kansa, saboda haka dacewa ake nema a gare shi. Kowane masarrafi da irin gurbinsa. Alal misali, gurbin AM4 na AMD da ma'adanin wucin-gadi samfurin DDR4 yake tafiya, gurbin AM5 kuwa, wanda ya fito a 2022, sai DDR5, kuma ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya. Wanda ya sayi kaya daban-daban bai duba wannan ba, zai koma kasuwa. Shi ma'adanin wucin-gadi, wanda ake rubuta wa RAM a jikin kwali, nan ne na'ura ke baje aikin da take kai. Gigabayit 8 zai yi aiki, amma 16 ya fi kwanciyar hankali, musamman idan za a buɗe doguwar hira ana rubuta ta.

3.3 Rumbun Ajiya

Rumbu iri biyu ne. Akwai mai faifai da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, wanda yake da araha da yalwa amma yana gurnani. Akwai kuma samfurin SSD, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa, don haka ba ya ƙara. Abin da ya dace shi ne a sa SSD a cikin akwati domin aikin yau da kullum, a tanadi masu faifai a waje domin ajiya. Bisa lissafin da ya gabata, terabayit 1 zai ɗauki kimanin awa 480 na sauti mai layi biyu a awo 96,000. To, amma babu rumbun da ba ya mutuwa, shi SSD ma ba a yarda a jefa shi a durowa shekara da shekaru ba wuta. Ƙa'idar masu ajiya ita ce kwafi 3, a irin ma'adani 2, ɗaya daga ciki kuma a wani gini dabam. Kaset ɗin asali ma ba a yar da shi bayan an kwashe.

3.4 Akwati, Fanka da Marabin Wuta

Nan ne ake samun shiru ko a rasa shi. Babbar fanka mai faɗin milimita 120 ko 140 tana tura iska mai yawa tana juyawa a hankali, ƙarama kuwa sai ta yi gudu tana kuka. Marabin wuta, wanda ke karɓar lantarkin bango ya raba wa sauran kaya, shi ne abin da aka fi yi wa rowa, alhali mara kyau yana ƙara, yana kuma iya ƙona abin da ya fi shi tsada. Mai wat 450 zuwa 550 na kamfani sananne ya isa, tun da babu katin hoto. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

4.0 Mahaɗin Sauti da Makirufo

Babu wani kaya a cikin akwati da ke taɓa ingancin sauti kamar waɗannan biyu da ke wajensa. Ramin makirufo da ke jikin babban allo yana zaune ne a tsakiyar hayaniyar lantarki, kuma don kiran waya da makamantansa aka yi shi. Mahaɗin sauti ɗan akwati ne da ake jonawa ta USB, shi ne ke ƙara wa makirufo ƙarfi ya kuma yi awon da aka bayyana a sama. Za a duba abu huɗu a jikinsa: ya kai bit 24 da awo 96,000, yana da ramin makirufo mai ƙafa uku, samfurin XLR, wanda wayarsa ke kore gurnani, yana da ramin da za a jona rakoda domin kwashe kaset, kamfaninsa kuma yana da manhajar tuƙi ta ASIO idan Windows za a yi amfani da shi. Ko USB 2.0 ya wadatar, domin yana ɗaukar megabit 480 a sakan, layi biyu kuwa ba su kai 5 ba. Yawan ramuka ya danganta da aiki. Biyu sun isa hira da kaset, amma ƙungiyar makaɗa mai jagora da 'yan amshi da kalangai tana bukatar 4 ko 8.

Makirufo ma iri biyu aka fi sani. Akwai mai kaifin ji, wanda ke bukatar wutar bolt 48 daga mahaɗi, ya dace da ɗaki mai shiru da nazarin furuci. Akwai kuma mai jure duka, wanda ba ya bukatar wuta, ya fi dacewa da ganga da filin biki.

5.0 Wuta, Zafi da Ƙura

Lantarkin Nijeriya da Nijar yana kaɗawa sau 50 a sakan. Idan waya ba ta da kyau, ko ginin ba shi da wayar da ke sauke wuta ƙasa, wannan kaɗawa tana shiga cikin sauti a matsayin gurnani, tare da 'ya'yanta na 100 da 150. Muryar namiji baligi kuwa a tsakanin 85 da 180 take kai da komowa. Ga harshe mai karin sauti wannan babbar illa ce. Abin da ya raba “kuka” na hawaye da “kuka” ta miya shi ne hawa da saukar murya a gaɓar ƙarshe, gurnanin kuwa yana iya rikita manhajar da ke auna wannan hawa da sauka, har ɗalibi ya kafa hujja a kan ƙarar waya yana zaton muryar mutum ce.

Ɗaukewar wuta ita ma tana iya lalata abin da ake tsakiyar ɗauka. Saboda haka batirin ko-ta-kwana, wanda ake kira UPS, yana cikin kayan haɗi tun farko, kuma a nemi mai ba da lantarki sumul irin na bango, domin wasu maraban wuta ba sa jituwa da na arha. Bugu da ƙari, zafin Kano da Sakkwato yana haura digiri 40 a watan Afrilu, hunturu kuma yana zuwa da ƙura. Akwati mai matatar ƙura da ake cirewa a wanke, mai kuma hanyar iska gaba da baya, ya fi wanda aka toshe da soso don kashe ƙara. Sauran maganin ba ya cin ko kwabo: a nisanta akwatin daga makirufo, in da hali ma a kai shi bayan bango.

6.0 Kammalawa

An ga cewa nauyin sauti kaɗan ne ga kwamfuta, amma ba ya yafe yankewa, ba ya yafe ƙara. A bisa wannan, sashen da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba zai fara ne da makirufo da mahaɗin sauti, sai batirin ko-ta-kwana da rumbunan ajiya, sai marabin wuta da fankoki, masarrafi kuma ya zo daga baya. Kafin a gayyato kowa, a kunna na'urar a ɗauki awa guda na ɗakin babu mai magana, a saurara da abin ji na kunne. Duk gurnani ko “ƙas” da aka ji a nan, shi za a ji a bayan muryar baƙo. Masarrafi ana iya sauya shi baɗi idan kuɗi ya samu. Tsohuwar da ta zauna ta ba da tatsuniyoyinta yau kuwa, babu tabbacin za a sake samun ta a zaune.