YADDA AKE KARANTA FAYIL LAYI BAYAN LAYI DA HARSHEN JAVA

Gabatarwa

Ɗalibai da yawa a nan Girei, mazaunin Jami'ar Modibbo Adama wadda aka kafa a 1981, sukan shiga kasuwar Jimeta da unguwannin Yola su tattara karin magana da kalmomin Hausa da na Fulatanci domin kundin digiri. Bayan an zuba su a kwamfuta sai aikin ƙidaya ya taso, kuma ƙidayar ido ba ta rasa tsallake. Manufata a wannan maƙala ita ce in nuna wa 'yan uwana ɗalibai yadda za a sa kwamfuta ta bi fayil layi bayan layi, ta yi ƙidayar da kanta.

Mene Ne Layi?

Kwamfuta ba ta ganin layi kamar yadda muke ganinsa a takarda. Abin da take gani jerin lambobi ne, kuma akwai lambar da ke nuna ƙarshen layi. A Linux lamba 10 ce, a Windows kuwa 13 ce sannan 10 ta biyo. Ke nan karanta layi shi ne ɗebo haruffa har a iske wannan alama. Amfanin bin layi ɗaya-ɗaya shi ne, komai girman fayil ba sai an loda shi duka a ƙwaƙwalwar na'ura ba.

Aji da Abu

Kamfanin Sun Microsystems na Amurka ne ya fitar da Java a 1995, a ƙarƙashin jagorancin James Gosling. An gina harshen a kan tunanin aji da abu. Aji kamar ma'aunin buga bulo yake, abu kuwa shi ne bulon da aka buga da shi, kuma kowane abu yana da ayyukan da ya iya. Ajin da muke bukata shi ne BufferedReader, aikinsa kuma readLine. Yakan ɗebo haruffa da yawa ya ajiye kusa, kamar mai cika randa maimakon zuwa rijiya a kan kowane moɗa.

Misali

A ce muna da fayil mai suna karin_magana.txt, kowace karin magana a layinta, muna son sanin guda nawa ne ke ɗauke da harafin ƙ. Bayan shigo da java.io da java.nio.file da java.nio.charset, sai mu rubuta:

try (BufferedReader makaranci = Files.newBufferedReader(
        Paths.get("karin_magana.txt"), StandardCharsets.UTF_8)) {
    String layi;
    int adadi = 0;
    while ((layi = makaranci.readLine()) != null) {
        if (layi.toLowerCase().contains("\u0199")) adadi++;
    }
    System.out.println(adadi);
} catch (IOException matsala) {
    System.out.println(matsala);
}

Ga abin da ke faruwa. Da farko an buɗe fayil an ƙirƙiri abu mai suna makaranci. Duk sa'ad da aka kira readLine, sai ya miƙo layi ɗaya ba tare da alamar ƙarshensa ba, ko ta Windows ce ko ta Linux. Idan fayil ya ƙare sai ya miƙo null, zagayen ya tsaya. A lura, layin da ba a rubuta komai a kansa ba ba null ba ne, saboda haka ba ya tsayar da karatu. An mayar da haruffa ƙanana ne don kada babban Ƙ ya kuɓuce, lambar 0199 kuwa ita ce ta ƙ a tsarin Unicode. Shi kuma wannan salo na try, wanda ya zo da Java 7 a 2011, yana rufe fayil da kansa ko da an samu matsala.

Matsalar Haruffa Masu Lanƙwasa

A nan ne ɗalibin Hausa ya kamata ya buɗe ido. Tsohon tsarin ASCII alamomi 128 kawai gare shi, babu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, balle ŋ na Fulatanci. Tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, yana ba kowannensu lamba biyu. Idan aka karanta irin wannan fayil da tsarin Windows-1252, sai ƙasa ta koma Æ™asa. Abin tsoron shi ne shirin ba zai yi ƙorafi ba, zai ba da adadin sifili ne kawai, ɗalibi ya ɗauka ya sa a kundi. Daga Java 18 na 2022 UTF-8 ya zama tsarin da ake bi kai tsaye, amma ni shawarata ita ce a riƙa ambatonsa a fili, domin ba kowace kwamfuta ce ke da sabon Java ba. Haka kuma a tabbata da UTF-8 aka adana fayil ɗin tun farko, kuma ba a rubuta ƙ da k' a wasu layuka ba.

Kammalawa

Kafin ka amince da kowane adadi, ya ɗan uwa, gwada shirin da ƙaramin fayil mai layi goma wanda ka ƙirga da hannu. A sa layi ɗaya mai babban Ƙ, a bar ɗaya babu komai. Idan lissafin ya yi daidai, sai ka sauya 0199 da 0253 don ɓ, ko 0257 don ɗ, ka ci gaba da nazarinka.