Me Ya Sa Bulon Tanderu Yake Marmashewa?

Wani maginin tanderun burodi daga Zungur ya aiko da mas'ala: yana sayen farar ƙasar Alkaleri, wadda masana ke kira kawolin, ya gauraya ta da yashi ya ƙona bulo, amma ba a jimawa sai bulon ya tsage, ya riƙa marmashewa.

Malam, asalin illar yana wurin da ido ba ya kaiwa. Garin ƙasar da aka ƙona ba narkewa yake yi ba. Ƙwayoyinsa suna nan daskare, kuma ba su haɗuwa su zama jiki ɗaya sai a daidai inda suka taɓa juna, inda zafi yake sa sinadarin wannan ya ratsa cikin wancan sannu a hankali. Saboda haka idan niƙa bai yi laushi ba, ko gaurayawa ta yi ƙaranci, ko ba a danne bulon da ƙarfi ba, sai ƙofofin iska su rage a tsakani, daga gare su kuwa tsaga take farawa.

Ita kawolin, da zafi ya kai wajen digiri 500 zuwa 600 sai ta saki ruwan da ke ɗaure a cikin halittarta, alhali kuwa ƙarfi na haƙiƙa ba ya samuwa sai an haura digiri 1,100, lokacin da sinadaran alumina da silika da ke cikinta suke haifar da wani ma'adini mai suna mulait, siraran allurai masu sarƙe juna kamar saƙar zana. Wutar itace a fili ba ta kaiwa nan, kuma ina kyautata zaton a nan matsalarka take. Yashin ma yana da nasa laifin, domin yana kumbura farat ɗaya a digiri 573, ya sake tsukewa a daidai nan idan ana hucewa.

Shawarata ita ce ka bar yashi, ka daka tsohon ƙonannen bulo ka sa a madadinsa. Ka jiƙa farar ƙasar ka tace ta da rariya mai ƙananan ido, ka gauraya ta da dakakken bulon, ka danna a ma'auni da injin matsa bulo, ka shanya a inuwa har ya bushe sarai. Ka ƙona a rufaffen tanderu, kana ƙara wuta da sauƙi, ka riƙe ta sa'o'i a ƙololuwa, kada ka buɗe sai ya huce da kansa. In da hali, ka kai samfur Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ka nemi a auna maka yawan ruwan da yake sha, domin gwargwadon shansa gwargwadon ƙofofin da suka rage.